Ƙaura zuwa Kalifoniya da motar da aka yi wa sauye-sauye: tambayoyi da amsoshi kan gwajin hayaƙi

Tun da motata ta ci gwajin hayaƙi a Sakramento, da wuya wata ya wuce wani ɗan'uwa bai kira ni ba, ko bai tare ni a ƙofar masallaci bayan Juma'a ba. Maganar ɗaya ce: ya samu aiki a Kalifoniya, zai taso daga jihar da yake, motarsa kuma ba yadda kamfani ya ƙera ta take ba. Wani salansa ya sauya, wani bututun iska, wani har ƙwaƙwalwar motar an taɓa. Ni ma haka na zo daga Mishigan a 2022 da Subaru WRX ƙirar 2015, sai da na yi wata biyu ina kai da komo kafin in ga lambar Kalifoniya a jikinta. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini, na rubuta su yadda masu su suka faɗa.

Malam, shekarata shida a jihar da nake ba wanda ya taɓa ce mini in kai mota gwaji. Me ya sa yanzu?

Saboda kowace jiha da nata tsarin. Mishigan, Fulorida da Minisota ba sa gwajin hayaƙi ko kaɗan. A Ohayo ƙananan hukumomi bakwai ne kawai na yankin Kilibland da Akron ake yi, mutumin Kolambas bai san da shi ba. Sai dai rashin gwaji ba shi ne halacci ba. Dokar tarayya ta tsabtace iska, wadda aka kafa a 1970 aka ƙara mata ƙarfi a 1990, ta haramta cire ko kashe duk wata na'urar rage hayaƙi a motar da ke hawa titi, a kowace jiha. Wato tun can motarka ta saɓa doka, ba a dai duba ba ne.

Kalifoniya kuwa ta sha wuya kafin ta kai ga wannan tsanani. A watan Yulin 1943 hayaƙi ya lulluɓe Los Anjalis har mutane suka zaci iskar guba aka sako musu, don ana tsakiyar yaƙin duniya. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai na jami'ar Caltech, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin motoci ne ke haɗuwa da hasken rana ya zama wannan hazo mai sa ido hawaye. A 1967 aka kafa hukumar kula da iska ta jihar, CARB, lokacin Ronald Reagan na gwamna, a 1984 kuma aka fara gwajin da suke kira Smog Check. Wanda ya san Kano da magariba kafin a hana acaɓa a 2013, lokacin da hayaƙi kan tsaya a kan titi kamar hazon hunturu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kwana nawa nake da shi bayan na iso?

Kwana 20 daga ranar da ka zama mazaunin jihar. Kama aiki, kama hayar gida, sa yara a makarantar gwamnati, duk suna cikin abin da ake ƙirgawa. Za ka je ofishin DMV, hukumar rajistar motoci, da takardar mallakar mota, da inshora, da fom REG 343, a duba lambar casis a cike REG 31, sannan takardar shaidar cin gwaji, wadda ke aiki kwana 90 kacal.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: ko motar ba ta ci gwaji ba tukuna, je ka biya kuɗin rajista cikin kwana 20 ɗin. Biyan ne ke tsayar da tarar makara. Za a riƙe takardunka a matsayin waɗanda ba su kammala ba, ka kuma nemi izinin tuƙi na wucin gadi a wurin. Ni ban san haka ba, na zauna ina jiran in gama gyara, tara ta hau kaina.

Motata shekararta uku kawai. An ce sababbin motoci ba a gwada su.

Wannan sassaucin na motocin da ke da rajistar Kalifoniya ne tuntuni: mai fetur da ba ta wuce shekara 8 ba ana ɗauke mata gwajin duk bayan shekara biyu, mai ita ya biya wani ɗan kuɗi a madadinsa. Motar da ta shigo daga wata jiha dole a gwada ta a rajistar farko, ko jiya aka sayo ta. Waɗanda aka ɗauke wa gaba ɗaya su ne masu fetur ƙirar 1975 zuwa baya, masu dizal ƙirar 1997 zuwa baya, masu lantarki zalla, da babura. Shekarar 1975 ɗin nan a kafe take, ba ta matsawa gaba. Motar 1976 ko ta shekara hamsin sai an gwada ta.

Idan hayaƙin motata mai tsabta ne ai shi ke nan ko?

A nan ne kusan kowa ke yin kuskure, ni ma a nan na yi. Sunan gwajin ne ke ruɗar mutane. Mota mai fetur ƙirar 2000 zuwa sama ba a ma sa mata na'ura a bakin salansa. Wannan na ƙirar 1976 zuwa 1999 ne. Ta zamani abu biyu ake yi mata: a duba ta da ido, a kuma jona kwamfuta da ƙwaƙwalwarta ta wannan soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda kowace mota ke da shi tun 1996.

Ranar da na fara kai tawa, na wanke ta tsaf, na zuba mata mai mai kyau, na yi ta gudu a babbar hanya don inji ya yi zafi, kamar yadda aka ba ni shawara. Mai gwajin dattijo ne mai fararen gashi. Ya ɗaga bonet, ya karanta wata 'yar takarda da kamfani ke mannawa a cikinsa, mai lissafin na'urorin rage hayaƙi da motar ta fito da su. Ya ɗauko tocila da wani ɗan madubi mai dogon mariƙi, ya zura inda turbo yake, ya yi shiru. Sai ya sa yatsa a kan bututun iskan da na sa, mai jan matata, ya ce in nuna masa lambarsa. Na ce wace lamba? Ya ce lambar EO. Ko minti goma ba a yi ba. Ya faɗa mini cikin ladabi cewa bututun bayan turbo ba shi da na'urar tace hayaƙi, na iskan ba shi da izini, kuma yana da tabbacin kwamfuta za ta samu na uku. Ta kuwa samu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aikinsa shi ne ya gwada abin da ke gabansa da abin da takardar bonet ta ce ya kamata ya gani. Duk abin da ya ɓace, ko aka cire masa waya, ko aka musanya da wani marar izini, faɗuwa ce, ko da iskar da ke fita daga salansar ta fi ta asibiti tsabta.

Mece ce lambar EO ɗin nan?

Sashe na 27156 na dokar motoci ta Kalifoniya ya hana sa duk wani abu da ke taɓa tsarin hayaƙi, sai wanda CARB ta gwada ta tabbatar ba ya ƙara gurɓata iska. Wanda ya ci sai ta ba shi takardar izini mai lamba, ita ce EO. Lambar kan fara da harafin D, sai lambobi, ana buga ta a jikin ƙarfen ko a ba ka ita a 'yar takarda ka manna cikin bonet.

Kula da wannan sosai, don ya kayar da mutane da yawa: izinin ba na kayan ba ne shi kaɗai, na kayan ne a kan wata mota takamaimai. Bututun iska ɗaya yana iya samun izini a kan ƙirar 2015 zuwa 2017 bai samu a kan 2018 ba, ko ya samu a kan injin lita 2.0 bai samu a kan 2.5 ba. Shiga shafin CARB na intanet, nemo lambar, buɗe takardar, ka ga sunan motarka da shekararta da girman injinta da idonka. Ka buga ta a takarda ka ajiye a mota. Idan kwalin kayan an rubuta cewa na tsere ne kawai ko ba na kan titi ba, kada ka wahalar da kanka da nema, babu.

Idan kana da kayan mai izini amma 'yar takardar ta ɓace, rubuta wa kamfanin da ya yi shi, da yawansu suna aiko da wata.

To wane irin gyara ne ba ruwan mai gwaji da shi?

Tayoyi, rim, birki, sifirin, kujeru, fenti, rediyo. Matatar iska da ke shiga cikin akwatinta na asali. Salansa daga bayan na'urar tace hayaƙi ta ƙarshe zuwa baya. Wannan ta ƙarshen ba ta kayar da kai a gwaji, amma tana da tata dokar: ƙaramar mota kada ƙararta ta wuce desibel 95, kuma ɗan sanda na iya tsayar da kai a kanta.

Masu bukatar EO su ne bututun iska gaba ɗaya, bututan da ke fitowa daga kan inji, turbo ko sufacaja da aka ƙara ko aka girmama, da manhajar ƙwaƙwalwa. Wannan bawul ɗin da ke fesar da iskar turbo waje, mai yin “fsss” idan an sauya giya, shi ma kan kayar. Haka ɗan ƙarfen da ake sa wa sansar iskar oksijin don a janye ta daga hanyar hayaƙi wutar cek-inji ta mutu. Masu gwaji sun san shi kamar yunwar cikinsu, shi suke fara nema da madubi.

Yaya, an cire wa tawa indomi tun kafin in saya. Zan iya sa kowace iri?

Ga wanda bai sani ba, indomi ita ce sunan da kanikawanmu na gida suka raɗa wa na'urar tace hayaƙi, saboda cikinta ya yi kama da taliyar da ba a dafa ba. A cikin ramukan nan akwai ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, su ke juya iskar guba ta zama mai sauƙin illa. Tsadarsu ce ta sa ɓarayi ke yanke ta a ƙarƙashin mota da dare.

Amsa ita ce a'a. Tun 1 ga Janairun 2009 Kalifoniya ba ta yarda da indomin kasuwa ba sai mai lambar EO da ta dace da motarka, a kuma ɗaura ta daidai inda ta asali take. Sayar da tsohuwa ko ɗaura wa mota tsohuwar da aka ciro daga wata motar haramun ne a jihar. Hanya biyu ke gabanka: ta kamfanin motar daga wurin dila, ko ta kasuwa mai EO. Wadda aka sa maka a wata jiha da araha, mai izinin tarayya kaɗai, ita ce ta fi ba mutane takaici, don sabuwa ce fil, tana aiki, amma mai gwaji zai leƙa bai ga lamba ba. Araha ba ta ado.

Ni tawa ta asali na sayar da ita a Ditroyit, can Mishigan, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ina ganin ta tare mini wuri. Da na zo sayen sabuwa na biya ninkin-ba-ninkinsa. Har yau idan na ga matashi ya cire kayan asali yana neman mai saye, sai na roƙe shi ya sa a kwali ya ajiye.

Idan motarka ba ta kai shekara 8 ba, ba ta kuma kai mil 80,000 ba, kuma indomin asali ce ta lalace da kanta, dokar tarayya ta ɗora wa kamfani sauya ta kyauta. Wanda ya taɓa tsarin da hannunsa kuwa ya ba su hujjar ƙi.

An sauya mini manhajar ƙwaƙwalwar mota don ƙarin ƙarfi. Ai ba a ganin wannan da ido.

Da ido ba a gani, kwamfuta na gani. Daga 19 ga Yulin 2021 hukumar BAR, wadda ke kula da gwajin, ta fara kayar da duk motar da manhajarta ba ta kamfani ba ce kuma ba mai EO ba. Ƙwaƙwalwar mota, wadda a gida muke ce wa birenbos, tana da lambobi biyu da take miƙa wa na'urar gwaji. Ɗaya sunan manhajar ce, ɗayar kuma lissafi ne da ake fitarwa daga abin da ke cikin manhajar, kamar zanen yatsa. Ka sauya ko ɗigo ɗaya a ciki, lissafin ya sauya. BAR na da na miliyoyin motoci a ajiye, ta san abin da irin taka ya kamata ta faɗa.

Idan da ƙaramar na'urar hannu aka ɗora maka manhajar, yawancinsu suna ajiye ta asali. Ka cire na'urar daga motar gaba ɗaya ta hanyar da aka tanada, kada ka tsaya a zaɓin da ke cewa “kamar na asali”, don wannan ma manhajarsu ce, lissafinta daban. Idan a gareji aka yi, ko ka sayi motar a haka ba ka da na'urar, sai dila ya sake ɗora mata ta kamfani, ka karɓi rasit.

Ga gargaɗin da nake so kowa ya riƙe. Kada ka mayar da manhajar asali alhali ƙarafan da ka sauya suna jikin motar, sannan ka hau titi kana taka ta. Manhajar kamfani an lissafa ta ne a kan bututun kamfani. Ta samu iska fiye da yadda take tsammani, mai ya yi kaɗan, turbo ya wuce iyaka, inji na iya tafiya. A kwance ƙarafan a mayar da na asali, a ɗora manhajar a rana ɗaya, kafin motar ta bar gareji.

Wutar cek-inji ta kama, na goge ta da na'ura. In tafi gwaji gobe?

Kada ka je. Goge lambobin matsala, ko cire kan batir, ko sake ɗora manhaja, duk suna share sakamakon gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta tana tafiya: na indomi, na sansar oksijin, na tururin tankin mai, da sauransu. Na'urar gwaji za ta ga ba su kammala ba, a mayar da kai gida. An daɗe ana ɗaga wa ƙirar 2000 zuwa sama ƙafa a kan guda ɗaya, na tururin tanki, amma shawarata ka cika su duka, hankalinka ya kwanta.

Akwai kuma tarko na biyu ga ƙirar 2010 zuwa sama. Tun 1 ga Yulin 2019 ana duba wasu lambobin matsala masu kafewa, waɗanda na'ura ba ta iya gogewa. Motar ce kaɗai ke share su idan ta gamsu an gyara abin. Ba a kau da kai daga gare su sai an yi tafiyar mil 200 da zagayen ɗumama inji sau 15 tun daga ranar gogewa. Zagaye ɗaya shi ne inji ya tashi da sanyi ya yi zafi sosai. Ba abin da za ka yi a yini ɗaya ba ne.

Abin da ya yi mini aiki: mai a tanki tsakanin kwata da kwata uku, a bar mota ta kwana, a tayar da ita da safe a bar ta minti biyu zuwa uku, a hau babbar hanya a riƙe mil 55 zuwa 60 a awa kamar minti goma sha biyar ba tare da wasa da totur ba, a ɗaga ƙafa a bar ta ta rage gudu da kanta, sannan a ɗan zaga cikin gari. Na sayi ƙaramar na'urar duba mota da ake jonawa da wayar hannu, kullum da yamma in duba. Na indomi ya cika a rana ta huɗu. Na tanki sai da ya kai kwana tara, wata safiya mai sanyi a hanyar garin Debis na ga ya koma kore, na tsaya a gefen titi na yi hamdala.

Takardar bonet ɗina ta ce motar ta tarayya ce, ba ta Kalifoniya ba. Sai na mayar da ita irin tasu?

A'a. Ana gwada ta ne da abin da aka ƙera ta da shi. Dokar mil 7,500 da kake ji, mai hana rajistar sabuwar motar da ba ta cika sharaɗin jihar ba, an yi ta ne don mazauna da ke fita su sayo. Wanda ya yi wa motarsa rajista a jihar da yake zaune kafin ya ƙauro, ba ta hau kansa ba.

Injin motata ba nata ba ne, na wata mota aka sa mata.

Idan irinsa ne sak aka musanya, ba komai. Idan wani daban ne, tashar gwaji ba ta da hurumi, sai Rafali. Rafali jami'in jiha ne, galibi a harabar kwalejoji suke, ana kira a ajiye rana. Sharuɗɗansa: injin ya zama na shekarar motar ko sabo da ita, daga aji ɗaya, wato ba a sa wa ƙaramar mota injin babbar mota, ya fito daga motar da hukumomin Amurka suka amince da ita, kuma ya zo da duk kayan rage hayaƙinsa da ƙwaƙwalwarsa. Idan ya gamsu zai manna wa motar takarda, daga nan kowace tasha za ta iya gwada ta. Tafi da lambar casis ta motar da aka ciro injin, da duk rasit ɗin da kake da shi.

Rafali ne kuma wurin zuwa idan kana ganin an kayar da kai bisa kuskure, misali kayanka na da EO mai gwaji ya ƙi yarda, ko ka mayar da manhajar asali kwamfuta ta ci gaba da ƙi.

Tawa a-kori-kura ce mai dizal, an cire mata matatar toka.

Ƙirar 1998 zuwa sama da nauyinta, har da iyakar kayan da aka ƙera ta ta ɗauka, bai wuce fam 14,000 ba tana cikin gwajin. Matatar toka, bawul ɗin mayar da hayaƙi, tankin DEF, wato ruwan rage gubar hayaƙin dizal, duk sai sun koma, da manhajar asali. Wannan shi ne gyara mafi tsada a duk abin da na ambata. Nemi a yi maka lissafi a rubuce kafin ka yanke shawarar kawo ta.

An ce akwai wanda ake ba kuɗi ya fitar da takarda ba tare da ya ga mota ba. Ko in bar lambar tsohuwar jihata kawai?

Na san za a yi mini wannan tambayar, don ni ma an raɗa mini ita a kunne. Ɗan'uwa, ka rufa wa kanka asiri. Masu yin haka wata mota suke jonawa da sunan taka, BAR kuma tana gane su ta bayanan da ƙwaƙwalwar ke aikawa, tana rufe tashoshi, ana gurfanar da mutane a kotu. Yawancinmu a nan muna da takardar zama da muke lallaɓawa, ko iyali da muke son kawowa. Bututun ƙarfe bai kai a jefa wannan cikin haɗari ba.

Barin tsohuwar lamba kuma an gudu ne ba a tsira ba. Sojan da aka turo aiki yana da wannan damar, ma'aikaci irina da irinka ba shi da ita. Abin da ya fi tara muni shi ne inshora: ka ce musu motar na kwana a Mishigan alhali a Sakramento take, ranar da aka yi haɗari, Allah ya kiyaye, suna da hujjar juya maka baya.

Idan na faɗi, akwai wani taimako?

Ga irinmu, kusan babu. Jihar na da shirin tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin gyara, da kuma ɗage gwaji ga wanda ya kashe dala 650 motar ba ta gyaru ba, amma duka biyun ba sa shafar motar da aka taɓa tsarinta da gangan. Kuma kowace faɗuwa tana shiga tarihin motar, duk mai lambar casis zai iya gani a shafin BAR. Saboda haka idan kana shakka, ce wa tashar kana son gwajin share fage, su duba su faɗa maka abin da suka gani kafin na gaske. Tambayi kuma ko suna sake gwaji kyauta, don farashi kowace tasha da nata, kuɗin takardar shaida ne kawai ɗaya ko'ina, dala 8.25.

Ba gara in sayar da ita ba, ko in aika da ita gida?

Wani lokaci gara hakan. Zauna da biro: indomi, bututai, kuɗin aiki, manhaja, rajista. Idan jimillar ta doshi rabin kuɗin motar, ni dai ba zan kawo ta ba. Amma ka yanke shawara kafin ka taso, domin a Kalifoniya mai sayarwa ne doka ta ɗora wa kawo takardar cin gwaji. Kuma ko a ina ka sayar, faɗa wa mai saye duk abin da aka sauya, amana ce.

Aikawa gida kuwa, ta Legas ko Kwatano, ka tuna manhajar ƙarin ƙarfi an lissafa ta ne a kan fetur mai inganci na Amurka, mai lambar oktan 91 ko 93, wanda ba lallai a same shi a gida ba. Ka mayar da ta asali kafin ta hau jirgi, in ba haka ba ka aika wa ƙaninka wahala. Indomin ma ka bar masa ita a jiki, yaran unguwarsu huhu gare su kamar namu.

Ni Teksas zan koma, ba Kalifoniya ba. Duk wannan ya shafe ni?

Rabi ya shafe ka. Abin da za ka fara bincika shi ne ƙaramar hukumar da za ka zauna, ba jihar kaɗai ba. A Teksas yankunan Hustan, Dalas, Ostin da El Faso ana gwada mai fetur mai shekara 2 zuwa 24 duk shekara. A Jojiya ƙananan hukumomi 13 ne na kewayen Atlanta. Niyok jiha ce gaba ɗaya, duk shekara, kuma ita da Kolorado suna neman indomi mai izinin CARB. Kusan ko'ina ake gwaji, wutar cek-inji a kunne faɗuwa ce, gwaje-gwajen da ba su cika ba idan sun yi yawa ma haka, indomin da ta ɓace ma haka. Duk waɗannan jihohi ukun, Teksas da Jojiya da Niyok, kwana 30 suke ba baƙo.

Saura mini wata ɗaya in taso. Da me zan fara?

Da gyaran, a can inda kake. Ba a fafe gora ranar tafiya. A can kana da bakaniken da ka sani, da abokin da zai ara maka jak, da wurin ajiye mota kwana biyu, a nan kuwa baƙo ne kai, kana sabon aiki, agogon kwana 20 na tafiya. Ɗaga bonet yau ka ɗauki hoton takardar nan, ka rubuta duk abin da ba na kamfani ba, ka nemi EO na kowanne. Idan a hannu ka sayi motar, kai ta a ɗaga a duba ƙasanta, domin mai ita na farko ba lallai ya faɗa maka komai ba. Indomin da za ka saya a can ta zama ta dila ko mai EO.

Wanda ke jihar da ake zuba gishiri a titi da hunturu ya sayi sababbin notuna da gasket tun kafin a fara kwancewa, ya fesa wa tsofaffin man sassauta tsatsa kwana biyu a jere. Biyu daga cikin nawa sun karye a jikin turbo, aikin awa uku ya koma na kwana biyu.

Idan an gama, tuƙo ta da kanka in da hali. Daga Ditroyit zuwa Sakramento ya haura mil 2,000 a kan hanyar I-80, ya ishi yawancin gwaje-gwajen ƙwaƙwalwar su cika kafin ka sauko daga duwatsun Siyera. Kowace safiya a masauki ka tayar da ita da sanyi, tanki na tsakanin kwata da kwata uku, ka jona na'urarka ka duba kafin ka kama hanya.